"An Fara Kashe 'Yan Arewa": Saƙon Da Ya Kamata Mazauna Ikko Su Yi Hattara Da Shi

Direban tirela da ke jiran layin shiga tashar jiragen ruwa ta Apapa ko ta Tin Can yana da abu guda a wadace, wato lokaci. Shi ya sa teburin mai shayi a Marine Beach da Ijora ba ya rabo da muhawara. A nan ake yanke wa gwamnati hukunci kan cire tallafin mai da Shugaba Tinubu ya sanar ranar 29 ga Mayun 2023, a nan ake lissafin kuɗin da 'yan tasha ke karɓa a kowace mahaɗa, a nan kuma ake tantance gwanin zaɓen 2027 tun kafin a buga ganga. Haka abin yake a Zangon Agege da Idi-Araba da kasuwar Mile 12. Wannan ba laifi ba ne. Mai biyan haraji yana da bakin magana.

Matsalar tana farawa ne sa'ad da wani ya ciro waya ya kunna saƙon murya na WhatsApp. Murya ce ta namiji, yana haki, yana salati: "Jama'a, an fara kashe 'yan Arewa a Legas, don Allah a yaɗa!" Bai faɗi sunansa ba. Bai faɗi unguwa ba, balle rana. Kafin shayin ya huce, mutum biyar sun tura wa 'yan'uwansu a Kano da Haɗeja da Maraɗi.

Dattawan Ikko sun san inda irin wannan magana take kaiwa, domin sun gani tun kafin zuwan wayar hannu. A Yulin 1999 rikici ya tashi a Shagamu ta Jihar Ogun, bayan an zargi wata Bahaushiya da fitowa da dare lokacin bikin Oro na Yarabawa, aka kashe ta. Da 'yan gudun hijira suka isa Kano da labarin abin da ya same su, sai aka afka wa Yarabawan da ba su san hawa ba, ba su san sauka ba. A Nuwamban shekarar aka yi na Ketu da Mile 12 kan shugabancin kasuwa. A Oktoban 2000 aka yi na Ajegunle, maƙwabciyar Apapa, tsakanin 'yan ƙungiyar Yarabawa ta OPC da Hausawa. A Fabrairun 2002, kwanaki kaɗan bayan fashewar ma'ajiyar makamai ta barikin Ikeja, Idi-Araba ta kama da wuta, dubban mutane suka kwana a barikokin soja da na 'yan sanda.

Abin lura shi ne mafarin irin waɗannan fitinu. Na Mile 12 a Maris ɗin 2016, rahotanni sun nuna daga ɗan acaɓa ne da ya buge wata mata, har ta kai Gwamna Ambode ya rufe kasuwar ya sa dokar hana fita a unguwannin da ke kewaye. Na Shasha a Ibadan, a Fabrairun 2021, daga cacar baki ne tsakanin ɗan dako da wata mai shago. Faɗan mutum biyu ne, wanda mai unguwa zai iya kashewa a zaune. Masu ɗaukar labari ne suke cire sunayen mutanen biyu su sa "Hausawa" da "Yarabawa" a gurbinsu, daga nan kuma mai sayar da tumatur da bai ma ji an yi ba shi ne zai tarar da rumfarsa ta zama toka.

Kada a ɗauka cewa tsoron 'yan Arewa ba shi da tushe. A Agustan 2019 jami'an gwamnatin Legas sun tare wata babbar mota ɗauke da matasa 123 daga Jigawa da babura 48, aka tsare su, daga baya aka sake su da bincike ya nuna neman abinci ya kawo su. A Maris ɗin 2025 an kashe mafarauta 16 'yan Kano a Uromi ta Jihar Edo bisa zargin cewa masu garkuwa da mutane ne. Amma a duba da kyau: su ma zargin da ba a tantance ba ne ya ci su. Wanda ya ji zafin Uromi bai kamata ya zama mai tura saƙon da zai jawo wa wani baƙo irin wannan a Sabon Garin Kano ba.

Akwai kuma maganar da ake yawan yi a majalisa cewa hana acaɓa "don a kore mu ne". Kowa na da damar ganin haka, kuma gaskiya ne matasan Arewa ne suka fi ji a jikinsu. Sai dai ra'ayi ba ya hana kamu. Tun 1 ga Yunin 2022 Gwamna Sanwo-Olu ya haramta acaɓa a ƙananan hukumomin Apapa, Ikeja, Surulere, Eti-Osa, Lagos Island da Lagos Mainland, bayan kisan wani matashi mai aikin haɗa sauti a Lekki da aka zargi 'yan acaɓa da shi. A Satumba aka ƙara Mushin, Oshodi-Isolo, Shomolu da Kosofe. Dokar sufuri ta jihar ta 2018 ta tanadi hukunci ga mai tuƙi da fasinja duka, babur ɗin kuma niƙe shi ake yi. Wanda ya sayar da gona ya sayi babur saboda wani ya ce masa "ai an daina kamawa", ya tambayi waɗanda suka riga shi zuwa.

To, me mutum zai yi idan irin wancan saƙo ya shigo wayarsa? Ya nemi abu uku: wace unguwa, yaushe, wa ya gani da idonsa. Idan an ce Agege, ya kira wanda ya sani a Agege, ko fadar Sarkin Hausawa, ko shugaban kasuwa. Idan bidiyo ne, ya dubi lambar motoci da rubutun allunan shaguna, ya saurari yaren da ake yi, domin sau da yawa tsohon hoto ne ko na wata ƙasa aka sake masa suna. In kuwa abin gaskiya ne yana faruwa a gabansa, lambobin gaggawa na Jihar Legas su ne 767 da 112, kuma kyauta ake kiransu. Wanda aka kama masa ɗan'uwa kuma ba shi da kuɗin lauya, jihar tana da ofishin lauyoyin kare talakawa da ake kira OPD.

Masu tura saƙo ba tare da tantancewa ba su kuma sani cewa sashe na 24 na dokar laifukan intanet ta 2015, wadda aka yi wa gyara a 2024, ya haramta yaɗa ƙaryar da aka san ƙarya ce don tayar da hankalin jama'a, kuma hukuncinsa yana iya kaiwa ɗaurin shekara 3. Limaman Juma'a na Agege da Idi-Araba da shugabannin direbobi na Apapa su riƙa faɗa wa mutanensu wannan da Hausa, tun kafin guguwar zaɓe ta kankama.