Me Ke Kai Mutane Dajin Alaska Kallon Beyar?

TAMBAYA: Wani mai sauraronmu, ɗan kasuwa daga Gumel, ya aiko yana cewa ya ji wai akwai masu biyan maƙudan kuɗi su shiga ƙungurmin daji don kawai su kalli wata dabba wai ita beyar. Yana son ya san wace irin dabba ce, ina take, kuma yaya ba ta cinye su?

AMSA: To, malam mai tambaya, abin da ka ji gaskiya ne. Ita dai beyar babu ita a dazuzzukan Afirka a yau. Wadda ake zuwa kallon nan ita ce mai launin ƙasa-ƙasa, ƙatuwa ce mai yawan gashi da dogayen farata, da ɗan tozo a kafaɗa. Riƙaƙƙen namiji idan ya yi ƙiba yakan wuce kilo 450, wato nauyin buhun masara huɗu da rabi ke nan. Duk da wannan jiki, in ya zabura ba mai tsere masa da ƙafa.

Wurin da ya fi suna wajen kallonsu shi ne gandun dajin Katmai da ke jihar Alaska, yankin nan mai tsananin sanyi da Amurka ta saya daga hannun Rasha a 1867. An fara keɓe dajin a 1918, kuma an ƙiyasta beyar wajen 2,200 ke cikinsa. Babu hanyar mota da ta kai can. Mutum zai hau jirgin sama daga birnin Anchorage zuwa wani ɗan gari, King Salmon, daga nan akasari a shiga ƙaramin jirgin sama mai sauka a kan ruwa, ya ajiye mutane a bakin tafki. Wannan shi ya sa tafiyar ke da tsada.

Abin da ke tara dabbobin kuwa kifi ne da ake kira salmon. A kogi ake ƙyanƙyashe shi, ya tafi teku ya girma, sa'an nan ya komo kogin da aka haife shi don ya zuba ƙwai. A cikin watan Yuli sai su yi ta hawowa kogin Brooks dubbai-dubbai, har su iske wani wuri inda ruwa ke zubowa daga kan dutse, tsawonsa kusan mita 2. Dole kifin ya yi tsalle kafin ya wuce. Nan beyar ke tsayawa, wani ma baki kawai zai buɗe ya cafke kifi a sama. Babba yakan kama 30 ko fiye a yini. In ya fara ƙoshi sai ya riƙa cin fata da ƙwaƙwalwa da ƙwai kawai, inda mai ya fi yawa, ya yar da saura.

Kada ka ce haɗama ce. Kitsen nan shi ne rumbunsa. Idan hunturu ya shigo, ƙanƙara ta rufe ƙasa, sai ya shige rami ya kwanta wata biyar ko shida, ba ci ba sha, kamar yadda gaiwa ke buya cikin taɓo da rani. Kafin ya fito yakan zubar da kusan kashi ɗaya cikin uku na nauyinsa. Macen ma a ramin take haihuwa, ta shayar da 'ya'yanta da abin da ta tara.

Sai batun tsaro. Duk baƙon da ya sauka, sai ma'aikatan gandun daji sun zaunar da shi sun karanta masa doka. Ba a matsawa kusa da beyar ƙasa da yadi 50. Ba a gudu in an yi kiciɓis da shi, sai a ja da baya a hankali a ba shi hanya. Ba a yawo da abinci, akwai ɗakin ajiyarsa, kuma wurin kwanan masu tanti an kewaye shi da waya mai lantarki. Daga kan wani dandamali na katako ake kallo. Dalili shi ne, muddin dabbar ba ta taɓa samun abinci a hannun mutum ba, to ba ruwanta da shi, kifinta kawai take nema. A kogin McNeil da ke maƙwabtaka, tun 1973 da takardar izini ake shiga, ƙuri'a ake yi, mutum 10 kacal a rana.

Amma fa sabo turken wawa ne. Wani Ba'amurke, Timothy Treadwell, ya yi shekara 13 yana zuwa Katmai yana zama dab da dabbobin nan, ba ya kiyaye tazara, ba ya kafa wayar lantarki. A watan Oktoba na 2003 wani beyar ya kashe shi tare da abokiyar tafiyarsa.

Da fatan ka gamsu, a gaida mutanen Gumel.