Ko Kun Sani? Ƙugin A-kori-kura a Kan Hanya

Ƙugin da a-kori-kura ke yi tana cikin tafiya yakan fito ne galibi daga wuri uku: boris ɗin ƙafa, taya, ko giyar aksul na baya. Motocin da ke kwaso albasa da shinkafa daga fadamun Rima, tsakanin Goronyo da Wurno, sun fi fama da boris, domin lodi mai nauyi da yashi da ruwan damina suna lalata giris ɗinsa.

Ƙugin boris yana ƙaruwa da gudu, kuma yakan tsananta idan nauyi ya koma ɓangaren da ya lalace: in an karya sitiyari hagu ya ƙaru, yawanci na dama ne. Na taya yakan sauya da sauyin hanya, daga kwalta zuwa burji. Na aksul kuwa yakan sauya idan an taka totur ko an saki.

Don gwada boris, bakanike yakan ɗaga motar da jak, ya juya ƙafar, ya kama sama da ƙasa ya girgiza. In ta yi gurnani ko lilo, sai a sauya boris nan take, domin ƙafa na iya ficewa ana cikin gudu.