Daga Ɗauri Zuwa Awo: Kalmomin Zane, Siket da Wando a Hausar Yamai

Gabatarwa

A watan Maris na 2025, kundin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa a Nijar, ya bar Faransanci da Ingilishi a matsayin harsunan aiki. Wannan mataki ya ɗora wa masu nazarin harshe, musamman na Jami'ar Abdou Moumouni, nauyin tattara kalmomin fannoni da daidaita su. Idan aka yi zancen kalmomin fannu, hankali yakan tafi ga shari'a da likitanci da kimiyya. Sai dai shagon tela ma fannu ne, kuma a cikinsa ne Hausa da Zabarmanci da Faransanci suke cuɗanya kullum a birnin Yamai.

Wannan maƙala ta dubi kalmomin da ake amfani da su wajen suturar mata daga ƙugu zuwa ƙasa, wato zane da siket da wando. Abin da take son nunawa shi ne, shigowar siket ta sauya wanda alhakin daidaita sutura da jiki yake wuyansa, kuma ana ganin wannan sauyi ƙarara a cikin aikatau da ginin jimlar da ake furtawa.

Zane da siket a ma'aunin nahawu

Kalmar *zane* tsohuwa ce a Hausa, jam'inta *zannuwa*, wasu kuma suna cewa *zani*. Wasalinta na farko gajere ne. Da shi aka bambanta ta da *zane* mai dogon wasali, wato hoto ko tsarin da aka zana. Tun da rubutun yau da kullum ba ya nuna tsawon wasali, wanda ya rubuta *zanen zanen* ya haɗa kalmomi biyu mabambanta, adon da ke jikin yadi da kuma yadin kansa. Zabarmawa kuwa *zaara* suke kiran zane, masu Faransanci su ce *pagne*.

*Siket* ararriyar kalma ce daga *skirt* ta Ingilishi, ta ƙetaro daga Nijeriya. Hausa ba ta fara gaɓa da baƙaƙe biyu a jere, saboda haka aka saƙala wasalin *i* tsakanin *s* da *k*, kamar yadda aka yi a *sikeli* da *sitiyari* da *sito*. Baƙin *r* bai shigo ba, domin Turawan Ingila da aka ari kalmar daga bakinsu ba sa furta shi a irin wannan muhalli, kamar dai yadda ya ɓace a *kati* da *fati*. Duk da wannan hausantarwa, kalmar ta riƙe alamar baƙunta guda: ta ƙare da baƙi. Shi ya sa ba ta karɓar mahaɗin nasaba kai tsaye. Ana cewa *zanen Hadiza*, amma sai a ce *siket ɗin Hadiza*. Jam'inta ma ta hanyar cikakken ninki ake samar da shi, *siket-siket*, irin na *joji-joji* da *coci-coci*.

A Yamai kalmar tana da kishiya, wato *jupe* ta Faransanci. Baƙin farko bai ba Hausawan Nijar wahala ba, domin da yawa daga cikinsu suna furta *j* kusan yadda Faransawa suke yi. Wasalin tsakiya ne babu shi a Hausa, sai ya koma *i*. Baƙin ƙarshe kuma yana kai-kawo tsakanin *p* da *f*, tun da Hausa ba ta bambanta ma'ana da su. Ke nan mace ɗaya tana iya kiran tufa ɗaya da suna biyu, gwargwadon telan da take magana da shi.

Aikatau: wa ke daidaita sutura da jiki?

Hausa ba ta wadatu da aikatau ɗaya ga kowace irin sutura ba. Zane da kallabi *ɗaurawa* ake yi, mayafi *yafawa*, lafaya da rawani *naɗawa*, riga da wando da hijabi kuwa *sawa* ko *sakawa* ko *zurawa*. Abin da ke zaɓen aikatau shi ne motsin da hannu yake yi. Da siket ya zo, sai ya shiga sahun wando, aka ce *ta sa siket*. Amma siket ɗin da aka ɗinka da igiya a gefe, wanda ake zagayawa da shi kamar zane, yakan jawo *ɗaura* a bakin masu magana, ko da sunansa bai sauya ba.

Bambancin ya fi fitowa idan aka dubi mai aiki a cikin jimla. Zane falle ne mai kusurwa huɗu, ba a yanka shi da awon kowa ba. Uwa da ƴarta suna iya ɗaura zane ɗaya, haka mace tana ɗaura shi kafin ciki da lokacin ciki da bayan haihuwa. Mai ɗaurawa ce take daidaita shi kowace safiya, don haka ita ce mai aiki: *ta iya ɗauri*, *ba ta iya ɗaurin zane ba*, *ta gyara ɗaurinta*. Yabo nata ne, zargi ma nata ne.

Siket kuwa an riga an yanke hukuncinsa tun ranar awo. A jimlolin da suka shafe shi, tufar ce take zama mai aiki, mace ta koma karɓau: *ya yi mata kaɗan*, *ya yi mata yawa*, *ya zauna mata*, *ya karɓe ta*, *ya matse ta*. Idan abin ya ɓaci, sai mai aiki na uku ya bayyana: *tela ya ɓata ɗinki*.

Tsarin giredin aikatau guda bakwai da F. W. Parsons ya gabatar a 1960 yana taimakawa a nan. *Ɗaura* giredi na ɗaya ne. *Matse* da *ɗame* da *tsuke* suna cikin giredi na huɗu, mai ɗauke da ma'anar cikar aiki, wato tufar ta kama jiki ba ta bar sarari ba. Giredi na bakwai yana bayyana kyawun sakamako, kamar *zanen ya ɗauru* ko *ɗinkin ya ɗinku*. Idan aka kore shi a lokaci mai ci, sai ya nuna rashin yiwuwa: *yadin nan santsi gare shi, ba ya ɗauruwa*, *an yanka siket ɗin ƙarami, ba ya gyaruwa*. Amsa-kama kuma ita take auna mizanin dacewar: *cif* da *ɗas* ga abin da ya zauna daidai, *burum-burum* ga wanda ya yi yawa. Wanda ya gaza tsawo kuwa *ɗangalalle* ake ce masa, kuma kalmar ba yabo ba ce.

Awo da ma'aunai uku

A Babbar Kasuwar Yamai, wadda Zabarmawa ke kira Habu Bene, da kasuwar Wadata, ana sayar da atamfa da turmi. Turmi yadi shida ne, wato falle uku, kowane falle yadi biyu, kimanin mita 1 da santimita 83. Tela a Yamai yakan rubuta awo da santimita, takwaransa na Kano ko Katsina kuwa da inci. Inci ɗaya santimita 2.54 ne, yadi ɗaya santimita 91.44. Macen da ta aika awonta ta WhatsApp zuwa wancan gefen iyaka ba tare da ambaton ma'auni ba, ta jefa yadinta cikin haɗari, domin lamba 40 da inci ta haura mita ɗaya, da santimita kuwa ko rabin mita ba ta kai ba.

Akwai kuma matsalar ma'ana. A maganar yau da kullum, *ƙugu* yana nufin yankin da ake ɗaura zane gaba ɗaya. Zane bai buƙaci a rarrabe inda jiki ya fi tsukewa da inda ya fi faɗi ba. Siket kuwa ba ya ɗinkuwa sai da lambobin nan biyu, sannan tsawo ya zama na uku. Telolin Yamai sukan cike wannan giɓi da *taille* da *bassin* na Faransanci. Hausa ba ta rasa kalmomi ba, ga *ƙugu* ga *kwatangwalo* ga *kwankwaso*, sai dai ba a tsayar da wadda za ta wakilci kowane awo ba. Wannan shi ne irin aikin da ke jiran masu daidaita kalmomi.

Sauran sassan siket kuwa tsofaffin kalmomin ɗinkin riga da wando sun wadatar da su: *kalmasa* ga bakin da aka lanƙwasa aka ɗinke, *shafi* ga yadin ciki, *tattara* ga yadin da aka tara a ƙugu, *tsaga* ga buɗin baya ko gefe, *zariya* ko *mazagi* ga igiyar ƙugu. *Zif* da *roba* ne kawai baƙi.

Dacewa da yanayin rayuwa

A bakin mata, *ya yi daidai* ya wuce batun lamba. Miƙaƙƙen siket yana buƙatar a bar masa rarar ƴan santimita a wurin da jiki ya fi faɗi, in ba haka ba zama a tabarma zai gagara. Yana kuma buƙatar tsaga, domin taku da hawa babur. Siket mai yanki shida ko takwas, wanda yake kama cinya ya buɗe daga gwiwa, ya fi cin yadi, kuma yana yayyanka adon atamfa mai manyan furanni, sai tela ya ƙware kafin ya haɗa zanen ya daidaita. Shafi yana sa siket ya tsaya, amma a watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafin Yamai yake haura digiri 40, nauyi ne. Atamfar auduga kuma takan ɗan tsuke bayan wankin farko, don haka tela mai hangen nesa yakan bar rara a cikin ɗinki.

Wajen haɗawa, ƙa'idar da aka fi bi ita ce ta daidaito: siket mai faɗi da riga mai kama jiki, siket mai kama jiki da riga mai sauka ƙasa ko babban mayafi. Lokacin salla kuwa mata da yawa sukan ɗaura zane a kan siket ko su zura dogon hijabi, saboda ruku'u da sujada suna buƙatar sararin da awon tela bai tanada ba.

Gajeren wando yana da nasa matsayi. Sunansa bayani ne kawai, sifa da suna, ba a ƙirƙira masa keɓaɓɓiyar kalma ba. A wurin manyan mata a Yamai, tufar ɗaki ce ko ta ƙarƙashin zane, inda ya gaji aikin *fatari*. A fili kuwa an fi ganinsa a wuraren wasanni.

Suna da hukunci

Sunan tufa yakan ɗauki hukuncin al'umma. Kalmar *buje* ta daɗe a Hausa da ma'anar wando mai faɗi irin na mahaya dawaki, daga baya ta faɗaɗa ta haɗa da siket. A farkon shekarun 1990, ninkinta *buje-buje* ya zama sunan gajerun siket a Nijar, a lokacin da wasu gungun matasa a Damagaram suka riƙa far wa ƴan matan da suka sa su, suna danganta shigar da ƙarancin ruwan sama. Ta fuskar ƙirar kalma, ana iya karanta ninkin ta hanya biyu. Yana iya zama jam'i, kamar *siket-siket*. Yana kuma iya zama ninkin kamanci, irin na *ruwa-ruwa* da *gishiri-gishiri*, wato abin da ya yi kama da buje amma bai cika ba. Karatu na biyu yana nuna cewa raini ya riga ya shiga cikin sunan. Irin wannan muhawara ta sake tasowa a Yamai a shekarar 2000, lokacin da ƙungiyoyin addini suka yi zanga-zangar adawa da bikin nuna tufafi na FIMA, wanda Alphadi ya kafa a 1998. Mai tsara ƙamus da ya shigar da irin wannan kalma ba tare da tarihinta ba, ya ba mai karatu rabin ma'ana.

Adon magana ma ma'auni ne na zaman kalma a harshe. Wanda aka tona wa asiri a bainar jama'a, an ce *an kwance masa zane a kasuwa*, ko da namiji ne. Masu gaba mai tsanani an ce *sun sa ƙafar wando ɗaya*. Siket bai kai wannan matsayi ba tukuna. Ya shiga kasuwa da ɗaki, amma bai shiga karin magana ba.

Kammalawa

Daga abin da ya gabata, an ga cewa zane ya bar daidaitawa a hannun mace, siket kuwa ya miƙa ta ga awo da almakashi, kuma nahawun Hausa ya bi wannan sauyi ta hanyar zaɓen aikatau da matsayin mai aiki. Wurin da harshen yake buƙatar hannun masana ƙanƙane ne, amma mai tsada: sunayen wuraren awo, da ma'aunin da za a rubuta da shi, da zaɓi tsakanin *siket* da *buje* da kalmar Faransanci a littattafan cibiyoyin koyon sana'a. Kafin a ƙirƙiri sabuwar kalma ko ɗaya, ya dace ɗalibai su ƙetare gada daga Harobanda, su zauna a shagunan teloli na Zongo da Bukoki, su naɗi yadda tela da mai ɗinki suke fahimtar juna, da inda fahimtar take kuɓuce musu. Kowane kuskuren ma'ana a wannan fanni, turmin atamfar wata ne yake salwanta.