Sassabe ba tare da wuta ba: dabarar da za ta iya rage shiga dajin Baban Rafi

Daga watan Afrilu zuwa Mayu, duk wanda ya bi hanyar Maradi zuwa Madarunfa da yamma zai riƙa hango hayaƙi nan da can a cikin gonaki. Lokacin sassabe ne. Manomi ya sare sabara da kalgon da suka tsiro, ya tara su da ragowar kara, ya cinna wuta, ya jira ruwan shuka. A garuruwan da ke bakin dajin Baban Rafi, kusa da iyakar Najeriya, abin bai tsaya nan ba: idan tsohuwar gona ta gaji, sai a ɗan matsa cikin daji a buɗe sabuwa.

Kakanni ba wauta suka yi ba da suka riƙa ƙona sassabe. Toka na ba ƙasa ɗan ƙarfi nan take, wuta na kashe irin ciyawa da tsutsar da ke kwana cikin karan hatsi, aikin kuma ba ya cin kuɗi. Amma dabarar tana da sharaɗi ɗaya, wato a bar gona ta huta. A da, ana noma fili 'yan shekaru, a bar shi saura shekaru masu yawa har daji ya rufe shi. Yau, da yawan jama'a da rabon gado, a kudancin jihar Maradi da wuya a ga gonar da aka bari ko damina guda. An riƙe wutar, an rasa hutun.

Abin da wuta ke ci ya fi abin da take bayarwa. Sinadarin azot, wanda shi ne ake saye da tsada a cikin takin ure, yana tafiya cikin hayaƙi. Ganye da karan da za su ruɓe su riƙe danshi sun zama toka, ita kuma iskar farkon damina ta kwashe ta. Wannan iskar ce ke turbuɗe hatsin da ya fito da rairayi, har manomi ya sake shuka sau biyu ko uku a damina ɗaya.

Maganin da ya fi karɓuwa a nan Nijar aka haɓaka shi, kuma manoma sun san shi da sunan sassaben zamani. A 1983 wani masanin aikin gona ɗan ƙasar Ostireliya, Tony Rinaudo, da ke aiki da ƙungiyar SIM a Maradi, ya lura cewa ƙananan tsiron da ake sarewa kowace shekara ba ciyayi ba ne: tohon itatuwa ne da aka sare tun da daɗewa, saiwarsu na nan da rai a ƙarƙashin ƙasa. Dashen itatuwa na mutuwa saboda saiwarsu ba ta kai ga ruwa ba, amma kututture ya riga ya kai.

Aikin bai buƙatar komai sai gatari ko adda mai kaifi. A kowane kututturen da aka zaɓa, ana barin tsiro uku zuwa biyar mafi ƙarfi da miƙewa, a cire sauran, a aske rassan ƙasa har wajen rabin tsayi. Sara daga ƙasa zuwa sama ake yi, don kada ɓawo ya tsage. Abin da aka cire ba a ƙona shi: ganyen ya zauna a gona, gara ta ja shi cikin ƙasa, ramukanta kuma su buɗe wa ruwa hanya, sandunan su tafi murhu. Kowace shekara a koma a gyara, a sare ɗaya idan ya isa yin dirka ko ƙotar hauya.

Ba da sauƙi aka yarda ba. Gona mai tsabta ita ce alamar manomi na ƙwarai, mai barin itace kuwa rago ake ce masa. A yunwar 1984, wadda mutanen Maradi ke kira El-Buhari, an raba abinci da sharaɗin a bar itatuwa a gona, kuma da rabon ya ƙare da yawa suka sare nasu. Waɗanda suka bari ne suka zama abin koyi. Bayan kamar shekara 20, binciken hotunan tauraron ɗan Adam ya ƙiyasta cewa dabarar ta mamaye wajen hekta miliyan 5 da itatuwa kimanin miliyan 200, akasari a jihohin Maradi da Damagaram. A Matamaye, Magariya da Mirriya gawo ne ya fi yawa, itacen da ke zubar da ganye da damina, ya bar wa hatsi rana, ya yi ganye da rani, dabbobi su kwanta inuwarsa su zuba taki.

Ga mazauna bakin daji, lissafin a fili yake. Abubuwa uku ke kai mutum daji: sabuwar ƙasa, itacen girki da abincin dabba. Gonar da ke da itatuwa na rage duka ukun, kuma matan da ke kwana kan hanyar neman makamashi su ne ke fara ganin bambanci. Inda ƙasa ta riga ta zama faƙo, babu kututturen da ya rage, sai a koma ga tassa da rabin wata, kamar yadda manoman Illela a jihar Tahoua suka farfaɗo da filayensu.

Sai dai gatari kaɗai bai isa ba. Shekaru da dama manomi na ganin itacen da ke gonarsa na ma'aikatan gandun daji ne, ana iya cin sa tara idan ya taɓa shi. Wa zai rena abin da ba nasa ba? Dokar gandun daji ta 2004 ta sassauta lamarin, sannan a 2020 gwamnati ta fitar da ƙuduri na musamman da ya amince da haƙƙin manomi a kan itatuwan da ya rena. Saura ɓarayin dare da masu sassake rassa don dabbobi. A Dan Saga, cikin yankin Aguié, kwamitin gari da ya haɗa maza, mata da makiyaya ne ke sa ido tare da cin tarar mai laifi, tsarin da garuruwa da dama suka kwaikwaya.

Akwai kuma ƙorafin da ba a iya sharewa. Itatuwa na tara tsuntsaye lokacin da hatsi ya nuna, idan sun yi yawa inuwa na danne shuka, karan da aka bari a ƙasa kuma na iya ɓoye tsutsa. Bugu da ƙari, kara ya zama kuɗi a kasuwannin Maradi da rani, don haka talakan da rumbunsa ya ƙare a watan Maris zai sayar da shi kafin ya yi tunanin shimfiɗa shi a gona. Shi ya sa masu wayar da kai ke fara wa manomi da kututture, abin da ba ya cire masa ko dala daga aljihu a shekarar farko.