Ranar da Atina ta kashe jarumawanta

Mayaƙin da ya ci nasara, da guɗa da kiɗa ake tarbarsa a ƙofar gari. Amma a birnin Atina na ƙasar Girka, a shekara ta 406 kafin haihuwar Annabi Isa (A.S.), an ga akasin haka: hafsoshi shida sun dawo gida da gagarumar nasara, jama'a kuwa ta yanke musu hukuncin kisa da ƙuri'a guda.

A wannan shekarar, Atina ta cika shekara 25 tana gwabza yaƙi da birnin Siparta. Ƙarfinta yana bisa teku, alkamar da mutanenta ke ci kuma jiragen ruwa ne ke kawo ta daga gaɓar Bahar Aswad. Mulki yana hannun majalisar jama'a mai zama bisa tudun Finikis, inda kowane namiji ɗan ƙasa ke da damar magana da ɗaga hannu. Mata da bayi da baƙi, waɗanda da yawansu ƴan kasuwa ne, ba su da murya. Wata majalisa ta mutum 500, da ake fiddawa ta hanyar ƙuri'ar sa'a, ita ce ke shirya batutuwan da za a tattauna.

Labari ya iso cewa Sipartawa sun yi wa jiragen Atina ƙawanya a tashar Mitilen, a tsibirin Lesbos. Baitulmali ya ƙafe, har sai da aka narka gumakan zinariya aka buga kuɗi. Cikin kwana 30 aka shirya jirage 110, aka zuba musu ƴaƴa da bayi. Da gudummawar abokan ƙawance suka haura 150, suka kara da jirage 120 na Siparta kusa da tsibiran Arginusa. Sipartawa suka yi hasarar jirage wajen 70, jagoransu Kalikaratidas ya faɗa teku ya halaka. Atina ta rasa 25.

Kowane jirgi yana ɗauke da mutum kimanin 200, saboda haka dubbai ne ke cikin ruwa, wasu da rai, wasu gawa. Hafsoshin nan takwas da suka jagoranci yaƙin suka ware jirage 47 ƙarƙashin Teramen da Tirasibul domin aikin ceto. Sai guguwa ta taso, babu wanda aka tsamo. A wurin Girkawa, barin mamaci ba tare da jana'iza ba abin kunya ne mai girma. Murna ta koma makoki, makoki ya koma neman mai laifi.

Aka tuɓe hafsoshin, aka kira su gida. Biyu suka hangi abin da ke tafe suka ƙi dawowa. Shida suka amsa kira, cikinsu har da ɗan shahararren shugaban nan Perikiles. A zaman farko sun kare kansu, sun ɗora laifin a kan guguwa, jama'a ma ta fara karkata gare su. Sai dare ya yi, hannuwa ba su ƙirguwa, aka ɗage zama. Kafin zama na biyu aka yi bukin Apaturiya, lokacin da dangi ke taruwa, kowane gida ya ga gurbin da yaƙi ya bari. Mutane suka shigo majalisa da baƙaƙen tufafi da askakken kai.

Nan ne wani ɗan majalisar 500 mai suna Kalikisen ya kawo shawarar a yanke wa hafsoshin hukunci baki ɗaya, da ƙuri'a guda, ba tare da an sake sauraron su ba. Eriptolem ya miƙe ya ce wannan ya saɓa wa doka, domin kowane mutum yana da haƙƙin a yi masa shari'arsa shi kaɗai. Taro ya ɓarke da ihu, ana cewa babu mai hana jama'a yin abin da take so, aka kuma yi barazanar haɗa masu jayayya da waɗanda ake tuhuma. Masu shugabantar zaman, su 50, suka tsorata suka ba da kai, ban da mutum ɗaya, masanin falsafa Sokarat, wanda ya ƙi sa hannu a abin da ya kauce wa doka. Aka wuce ba tare da shi ba, aka kashe hafsoshin shida.

Ba a jima ba jama'a ta yi nadama, ta juya kan waɗanda suka ingiza ta. Marubucin tarihi Zenofon ya ba da labarin cewa Kalikisen ya mutu da yunwa, kowa na ƙyamarsa. Sai dai bakin alƙalami ya riga ya bushe. A shekara ta 405, Lizandar na Siparta ya mamayi rundunar Atina a Egospotamo, ya kame kusan dukan jiragenta, ya toshe hanyar alkama. Yunwa ta shiga gari. A 404 Atina ta miƙa wuya, aka rushe ganuwarta ana busa sarewa, aka bar mata jirage 12 kacal.

Da dimokuraɗiyya ta dawo a 403, mutanen Atina suka yi gyara. Suka raba doka, wadda ke dawwama, da ƙudurin da taro ke yankewa a rana guda, suka kuma tabbatar cewa babu ƙudurin da zai hau bisa doka, komai yawan hannuwan da aka ɗaga. Arginusa ta nuna musu cewa rinjaye yakan yi zalunci kamar yadda sarki yakan yi, muddin ba a yi masa linzami ba. Gyaran bai hana kowace ɓarna ba: a 399 wata kotun jama'a ta yanke wa Sokarat kansa hukuncin kisa. Amma shi an yi masa shari'arsa shi kaɗai, an saurare shi, haƙƙin da ya nema wa hafsoshi shida bai samu ba.