Hanyoyin Nazarin Kayan Tarihi a Matsayin Hujjar Al'ada

Kayan tarihi su ne abubuwan da magabata suka ƙera, ko suka saƙa, ko suka gina, waɗanda suka wanzu bayan shuɗewarsu. Irin waɗannan kaya ba sa magana da kansu. Manazarci ne yake yi musu tambayoyi, kuma ingancin amsar da zai samu ya dogara ne ga hanyar da ya bi.

Matakin farko shi ne bayyana abin kamar yadda ido ya gan shi: girmansa da siffarsa da adonsa da abin da aka yi shi da shi. Daga nan sai a nemi sanin shekarunsa, galibi ta hanyar gwajin kabon da ake yi wa gawayi ko ƙashi ko tsumman da aka samu tare da shi.

Abin da ya fi waɗannan muhimmanci shi ne muhallin da aka tsinci abin. Mu ɗauki misalin kushewun Durɓi ta Kusheyi da ke ƙaramar hukumar Mani a jihar Katsina, inda aka yi tono a 1907 da kuma 1992. An sami gawawwaki tare da tasoshin ƙarfe da duwatsun ado da wuri da awarwaron hauren giwa. Ƙirar wasu tasoshin ta nuna daga ƙasashen Musulmi na Gabas suka fito, wanda ya tabbatar da cewa ƙasar Katsina tana cikin harkar fataucin Sahara tun ƙarnoni da dama kafin jihadin 1804. Sai dai kuskure ne ɗalibi ya yanke hukuncin cewa masu kushewun Musulmi ne saboda tasa kawai, domin binne mamaci da dukiyarsa ba ya cikin tsarin jana'izar Musulunci. Da a kasuwa aka tsinci tasar, a hannun ɓarawon kayan tarihi, da duk wannan bayani ya salwanta.

Bayan haka sai a gwama abin da aka gano da tarihin baka. Mutanen yankin suna danganta kushewun da sarakunan Durɓawa, waɗanda aka ce sun mulki Katsina kafin Korau. Yawan dukiyar da aka binne ya dace da wannan ruwaya, amma bai ambaci sunan kowane sarki ba, don haka kada malami ya laƙa wa wani kabari suna a gaban ɗalibansa.