Tsakanin Rauni da Asibiti: Tantance Magungunan Gida a Yamai

Taimakon gaggawa, wato abin da ake yi wa wanda ya ji rauni tun daga sa'ar da abin ya auku har zuwa lokacin da zai isa hannun ma'aikacin lafiya, fanni ne da kusan kowa a Yamai yake ganin yana da ta cewa a kansa, domin da wuya yaro ya ƙone a cikin gida ko ɗan kabu-kabu ya faɗi a kan kwalta ba a samu mutum biyar sun kewaye shi kowa da tasa shawarar ba. Wasu daga cikin shawarwarin nan gaskiya ne, wasu rabin gaskiya ne da aka jingina wa dalili marar tushe, wasu kuwa cutarwa ce zalla. Abin da yake raya na ƙaryar shi ne jikin ɗan Adam yakan warkar da ƙananan raunuka da kansa ko an shafa wani abu ko ba a shafa ba, sai yabon ya tafi ga abin da aka shafa, alhali wanda rauninsa ya ruɓe ba a cika komawa a tuhumi maganin da aka sa masa ba.

Ƙuna ce ta fi kowane rauni tara jita-jita, kuma birnin ya san zafinta, domin a daren 5 zuwa 6 ga Mayun 2019 wata tankar mai ta kama wuta kusa da filin jirgin sama na Diori Hamani ta kashe sama da mutum 50, sannan a ranar 13 ga Afrilun 2021 gobara ta cinye azuzuwan zana a unguwar Pays-Bas ta halaka yara kimanin 20. Amma ƙunar da ta fi yawa ita ce ta yau da kullum wadda ba ta shiga labarai: butar shayi da ta kife a fada, man tuyar ƙosai da ya fantsama, ruwan wankan da aka dafa da hunturu aka ajiye a tsakar gida inda mai rarrafe zai kai hannu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ƙuna tana kashe kimanin mutum 180,000 a shekara, akasarinsu a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi.

Abin da aka fi ji a irin wannan hali shi ne a shafa man goge baki, ko a fasa ɗanyen ƙwai a kai, ko a zuba gishiri, ko toka, ko manja, ko man kaɗe, kuma akan haɗa da gargaɗin kada a bari ruwa ya taɓa wurin domin wai ruwa ne yake tayar da bororo. Wannan gargaɗi na ƙarshe shi ne mafi muni, saboda ya hana ainihin abin da ya fi amfani. Fatar da ta ƙone tana riƙe zafi a cikinta, zafin kuma yana ci gaba da dafa naman da ke ƙasa bayan an raba mutum da wutar, don haka maganin farko shi ne a yi ta kwarara ruwa mai sanyi-sanyi a kan wurin har tsawon minti 20, kuma yin hakan yana da amfani ko da an makara, muddin ba a wuce awa 3 ba. Bororo kuwa zurfin ƙunar ne yake kawo shi, kuma murfi ne da jiki ya yi wa rauni, bai kamata a fasa shi ba. Man goge baki yana sa a ji sanyi ne saboda sinadarin na'ana'a da ke cikinsa, wanda yake yaudarar jijiyoyin fata ba tare da ya rage zafin nama ba. Idan ya bushe ya manne, sai ma'aikacin asibiti ya kankare shi kafin ya ga zurfin raunin, kuma wanda ya taɓa jin kukan yaron da ake kankare wa ƙuna ba zai sake ba da wannan shawara ba. Maiƙo kowane iri yana kulle zafin a ciki, ɗanyen ƙwai kuma yana iya ɗauke da ƙwayoyin cuta.

A nan yanayin Yamai yana da tasiri, domin a watannin Afrilu da Mayu ruwan famfo da rana yakan fito da ɗumi sosai, shi ya sa ruwan randa ya fi dacewa, ko na ɗan garuwa idan ya huce a inuwa. Ƙanƙara, wadda ake sayarwa a kowace unguwa kuma hankali yake saurin kaiwa gare ta, kuskure ce, saboda tana tsuke hanyoyin jini ta ƙara kashe fatar da take tsakanin rayuwa da mutuwa. Yayin da ake sanyaya wurin ana cire zobe da awarwaro kafin kumburi ya zo, ana lulluɓe sauran jikin yaro kada sanyi ya kama shi, ba a ɓamɓare tufar da ta manne, sannan a rufe raunin da tsumma mai tsabta. Ƙunar da ta kai faɗin tafin hannun mai ita, ko ta shafi fuska, hannu, al'aura ko gaɓa, ko ta yi fari fat ba ta zafi, ta asibiti ce.

Zuma tana da matsayi dabam, domin a kanta maganar mutane ta fi kusa da gaskiya. Wani nazarin ƙungiyar Cochrane na 2015, wanda ya tattara gwaje-gwajen da aka yi a wurare daban-daban, ya nuna ƙuna marar zurfi da aka yi wa magani da zuma takan riga wadda aka yi wa wasu ɗaurin gargajiya na asibiti warkewa da kwana huɗu zuwa biyar. Sai dai zuma maganin jinya ce bayan an sanyaya ƙunar an kuma tantance zurfinta, ba ta maye gurbin ruwa a mintocin farko, kuma wadda asibitoci suke amfani da ita an kashe ƙwayoyin cutar da ke cikinta, abin da ba za a iya cewa game da ta kwalba da ake tallatawa a kasuwar Wadata ko ta Katako ba, wadda sau da yawa ma ba a san ko an gauraya ta da sukari ba.

A kan yanka da ƙujewa, sanannen abu ne a garejin kanikawa a zuba man birki ko fetur a kan rauni, a gonaki kuma a cusa ƙasa, toka ko garin taba don tsayar da jini. Abin da yake tsayar da jini shi ne dannawa da ƙarfi da tsumma mai tsabta na kimanin minti 10 ba tare da ana ɗagawa ana leƙawa ba, sannan a wanke da ruwa da sabulu. Ruwan gishiri mai sauƙi, irin wanda asibiti yake haɗawa da giram 9 a lita ɗaya, yana wanke rauni lafiya, amma tsurar gishiri tana ƙona nama. Ƙasa ita ce gidan ƙwayar tsinkau-tsinkau, cutar da take sarƙe haƙora ta sandare jiki, kuma ana samunta musamman inda kashin dabbobi yake. Maganar da ake yi cewa tsatsa ce take kawo cutar ba daidai ba ce, ƙusa mai tsatsa tana da haɗari ne saboda ta daɗe a ƙasa kuma tana huda rami mai zurfi inda iska ba ta shiga. Cizon kare ana wanke shi da ruwa da sabulu na minti 15 sannan a nemi allurar haukan kare a ranar, domin cutar idan ta bayyana kusan ba a tsira.

Akwai maganar da aka saba ji a wurin haɗarin mota ko babur, cewa kada a ba wanda ya ji mummunan rauni ruwa domin da ya sha zai cika. Hukuncin daidai ne ko da yake dalilin ba haka yake ba: wanda hankalinsa bai dawo sosai ba yana iya shaƙewa ruwan ya shiga huhunsa, wanda kuma za a yi wa tiyata ana son cikinsa wayam kafin a sa shi barci, don haka jiƙa masa leɓe ya isa. Inda jama'a suke kuskure shi ne gaggawar ciccibarsa hannu da ƙafa a jefa cikin taksi, alhali idan ƙashin wuya ko na baya ya tsage wannan ɗauka ce take iya shanye shi har abada. Kiran masu kashe gobara, waɗanda ake ce wa pompiye, a lamba 18 ya fi, sai fa idan barinsa a wurin zai jawo wani haɗarin.

Ɗori sana'a ce mai daɗaɗɗen tarihi, kuma tushenta na hana ƙashin da ya karye motsi shi ne tushen aikin asibiti. Matsalar tana zuwa ne idan an matse karare fiye da kima a kan gaɓar da take kumbura, domin jini yakan yanke, nama kuma yana fara mutuwa cikin 'yan awoyi. Yatsun da suka yi sanyi, suka mace ko suka fara baƙi alama ce ta a kwance ɗaurin nan take a tafi asibiti. Karayar da ƙashi ya huda fata, da wadda ta shiga gaɓa, suna buƙatar hoton ƙashi irin wanda ake ɗauka a Babban Asibitin Ƙasa ko na Lamorde, domin hannu, komai gwanintarsa, ba ya ganin cikin nama.

Mai haɓo ba a ɗaga masa kai sama, gaba ake sunkuyawa a matse taushin hanci. Mai farfaɗiya ba ya haɗiye harshensa, cokalin da ake cusa masa haƙora kawai yake karyawa, kuma yawunsa ba ya yaɗa cutar. Yaron da ya sha kananzir ko fetur daga kwalbar da aka ajiye ba a sa shi amai da manja ko madara, saboda haɗarin yana cikin shigar man cikin huhu.

Saran maciji ne ya fi nuna yadda maganin banza yake samun suna. Masu lambu a bakin kogi da masu shinkafa a Saga da Kirkisoye suna haɗuwa da macizai, kuma a wannan yanki na Afirka kububuwa ce ta fi kisa, wadda dafinta yake hana jini daskarewa. Ke nan tsaga wurin da reza don a fitar da dafi buɗe ƙofar zubar jinin da ba zai tsaya ba ne, tsotsa da baki ba ta fitar da wani abin kirki, ɗaure gaɓa tamau da igiya ko roba kuwa yana iya kashe ƙafar gaba ɗaya, ko da yake irin wannan ɗauri yana ceton rai a wani hali dabam, wato idan jini yana tsartuwa daga hannu ko ƙafa kuma dannawa ta kasa tsayar da shi. Baƙin dutsen maciji, wanda a haƙiƙa ƙashin saniya ne da aka ƙona, yana manne wa rauni saboda ƙananan ramukan da ke jikinsa suna zuƙar danshi, sai mai kallo ya ɗauka dafi yake sha. Gwajin da mai bincike Jean-Philippe Chippaux da abokan aikinsa suka wallafa a 2007 ya nuna dutsen bai kare ɓerayen da aka sa wa dafi ba. Sunan da dutsen ya yi ya samo asali ne daga cewa macizai da yawa ba su da dafi, masu dafin ma sukan yi sara ba su zuba shi ba, don haka mutum zai warke ko da dutse ko babu. Ma'aikacin lafiya yana bambance saran da ya shiga jini ta hanya mai sauƙi: ya zuba ɗan jinin majinyaci a busasshiyar kwalbar gilashi ya ajiye minti 20, idan bai daskare ba to ana buƙatar allurar kashe dafi. Kafin a kai ga nan, abin da ake so shi ne a kwantar da hankalin wanda aka sara, a cire masa zobe da takalmi, a ɗaure gaɓar da sanda sako-sako don kada ta motsa, a ɗauke shi a abin hawa maimakon a bar shi ya taka.